Ranar da Inna Ta Kai wa Masu Gawayin Dutse Dambu

Yayana ne ya ja mini, kuma har yau in muka haɗu sai na tuna masa. Direban babbar mota ne, irin wadda muke ce wa kamyo, kuma bakinsa ya fi motar gudu. A shekarar da nake ba ku labari ya samu aikin dakon gawayin dutse daga arewa zuwa wata masana'anta da ke kan hanyar Tawa, gaba da Malbaza. In ya biyo ta Tsarnawa sai ya shigo gida baƙi ƙirin, haƙora kawai ake gani, ya zauna a tabarmar Inna ya bar mata zanen jikinsa a kai.

Ni tela ce. Ɗakin ɗinkina yana jikin zauren gidan Inna, keken kuwa na lantarki ne, wanda na daɗe ina mafarkinsa kafin in same shi. Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, kowa ya tuna yana da ɗiyar aurarwa ko ɗan da za a yi wa suna. Atamfa da leshi sun taru mini har ba wurin aje ƙafa.

Ran nan da hantsi ina cikin ɗinki na ji Yaya a tsakar gida yana ta zuba. Ya fito da wani baƙin dutse daga aljihu ya aje gaban Inna.

"Inna, kin san mi ne wanga?"

"Dutse na. Ɗauke mini shi daga tabarma."

"Gawayi na, Inna! Cikin ƙasa anka haƙo shi. Shi aka ƙonawa a yi kuran ɗin ga da ka juya miki fanka."

Kuran shi ne lantarki a bakinmu. Inna ta ɗaga kai ta dubi fankar da ke kaɗawa a rumfa, ta dubi dutsen. Yaya ya ga ya samu mai sauraro, sai ya gyara zama. Ya ce akwai tanderu da ya fi masallacin unguwa girma, a zuba masa gawayin nan, a ɗora ruwa a kai ya tafasa, tururin ya tura wani inji, injin ya haifi kuran, kuran ya biyo waya har gidanmu.

"Ashe dambu suka yi," in ji Inna. "Ruwa ƙasa, tururi bisa."

Yaya ya yi dariya har da buga cinya. Ni ma daga ɗaki na yi. Sai na ji ta sake magana, muryar ta canza.

"To wa ka kula da wutar?"

"Mutane mana. Dare da rana, ba a barinta."

"Ɗiyan mutane? Masu uwa da uba?"

Ban ji amsar Yaya ba. Abin da na ji shi ne takun Inna zuwa zaure inda kwantar take, wato mitar kuran, sannan ƙas. Kekena ya tsaya cak a tsakiyar wuyan rigar amarya.

Dole in faɗa muku wace ce Inna kafin ku ce ta ruɗe. Muna yara, murhunta ne ba ya mutuwa a duk unguwarmu. In an gama tuwo sai ta binne guntun ƙirya cikin toka, ta san yadda za ta rufe shi ya sha iska kaɗan, ya kai safe da ransa. Da sassafe mata su yi ta shigowa da kasko a hannu suna cewa a sam musu wuta. Ba wadda ke ɗiba ta juya ba gaisuwa. A tambayi kwana, a tambayi mai jiki, a yi gulmar da ta samu, da yamma kuma wata ta aiko da ɗan kuka, wata da daddawa, wata da nono. Inna ba ta taɓa riƙe sarauta ba, amma duk tukunyar da ta tafasa a layinmu da hannunta a ciki. Daga baya ashana ta yi arha, birke, ɗan abin ƙyasta wutar nan, ya shigo aljihun kowa, gas ya zo. Likita kuma ya ce hayaƙi ya kusa gama mata ido, muka haɗu muka saya mata gas muka hana ta itace. Ta karɓa ba gardama. Sai dai kullum tana binne ɗan garwashi a kusurwar madafa, wai ko wani zai buƙata. Shekaru suka wuce ba wanda ya shigo da kasko.

Na fito daga ɗaki ido rufe, zare a wuya, almakashi a hannu. Ina da zuciya, kowa ya sani, kuma a wurinta na gado.

"Inna, wa ya taɓa kwantar?"

"Ni ta. Kuma ba mai sake taɓa ta."

"Rigar amarya ce a keke!"

"Amarya ta jira. Shekara nawa muna ɗibar wutar mutane ba ko sannu? Ni? Ni da garin ga duk ya ci tuwo da garwashina, a ce ina zaune inuwa ina shan iska wani na ƙonewa gaban tanderu, ban san ko sunan garinsu ba? Wallahi na ji kunya."

Na ce ai biya muke yi. Ta ce wancan na masu buro ne, wato 'yan ofis, gaisuwa kuwa ta mai tsayuwa gaban wuta ce. Na juya kan Yaya na ce ya warware abin da ya ƙulla. Nan ya fara kame-kame. Ya ce shi fa bai ce duk kuran ɗin daga gawayi yake ba. Wani daga ƙetaren iyaka yake zuwa, wani daga injinan mai, wani daga allunan rana na Malbaza, duk a haɗu a waya ɗaya. Masu gawayin nan ma don aikin masana'antarsu suke yi, abin da ya yi saura ne suke turo mana.

"Na rana Allah ka hura shi, kuma muna gode mishi kullum," in ji Inna. "Su ko waɗanga, saura ma sunka aiko muna? Ba mu roƙa ba? To wannan ai shi ne maƙwabtaka."

Yaya ya so ya gyara, ya ƙara ɓatawa. Ya lallaɓa ya ɗauki hularsa ya fita, ya bar mini dutsensa da fitinarsa.

Na ari keken ƙafa wurin wata ƙawata. Na taka har cinyoyina suka yi tsami, na taka har na fara jin tsanar aure gaba ɗaya. Iyayen amare suna zarya a ƙofa, ni ina musu rantsuwa, fanka na rataye a sama tana kallona. Ruwan firigo, wato firji, ya koma ruwan randa. Labari ya zaga unguwa, matasa suka riƙa leƙowa suna tambayar Inna ko tana da saƙo zuwa ga masu tura ruwan famfo. Na zaci dariyar za ta sa ta sauko. Sai ga tsofaffin ƙawayenta sun fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, su zauna su riƙe haɓa su ce gaskiyarta, su ma abin ya tsaya musu a rai. Wata har ta koma gida ta cire wa jikanta waya daga caji.

Da na ga ba sarki sai Allah, na tambaye ta me zai sa a kunna. Ta ce a kai ta ta gaishe su, da abinci a hannu, kamar mutane.

Ranar girkin gidanmu ya koma gidan biki. Wata ta kawo zogale, wata albasa, wata ta kamo zabbi biyu suna ihu. Inna ta ture gas gefe da ƙafa ta haɗa murhun duwatsu a tsakar gida, ta ce ba za ta kai wa masu wuta abincin da bai ga wuta ta gaskiya ba. Na buɗe baki zan ambaci likita, ta yi mini wani kallo na rufe. Tururi ya tashi daga madambaci, ta nuna shi da muciya tana cewa ga nata kuran nan, a kawo waya. Mata suka kwashe da shewa. Rabon da in ga Inna tana dariya har ɗankwali ya zame na manta.

Sai ta shiga ɗaki ta fito da akushinta. Baƙin akushi ne na itace, babba, wanda ta zo da shi gidan aure, ba a ci a cikinsa sai babban baƙo. Na ce ga kwanonin roba nan birjik, in ma sun ɓata sun ɓata. Ta ce ita ba sadaka za ta kai ba. Na ce akushin nan in ya shiga masana'anta ba zai dawo ba. Ta ce ƙwarya tana bin ƙwarya, kuma in rufe mata baki.

Mun shiga motar Tawa ni da ita, akushi a cinyarta an ɗaure shi da sabon zane. Ba mu kai Malbaza ba duk motar ta san inda za mu, don ƙanshi ya sa wani ɗan kasuwa ya tambaya, Inna kuwa ba ta ɓoye alheri. Motar ta ɗauki dariya, ni na ja mayafi na rufe fuska. Amma da dariyar ta lafa, sai wani dattijo ya ciro goro ya ce a haɗa da nasa, shi ma yana da firigo. Ɗan kasuwar ya zaro albasa manya daga buhunsa. A shingen hanya jandarma ya leƙo ya ce mene ne a ƙunshe, direba ya ba shi labari, ya tafi ya kira ɗan'uwansa ya sa aka maimaita. Suka sara wa Inna kamar wata kwamanda, ta ɗaga musu hannu ba ko murmushi. Direban ya bar hanyarsa ya kai mu har bakin ƙofa, fasinjoji suna yi mana addu'a ta taga.

Wurin ya fi yadda Yaya ya faɗa, kuma wannan ne karo na farko da gaskiya ta fi bakinsa. Dogon bututu na fitar da hayaƙi, ga tulin gawayi baƙi kamar tudu, ga ƙugi da ake ji har cikin ƙirji. Kamyoyi sun yi layi a waje. Inna ta tsaya ta daɗe tana kallon tulin, sannan ta ce a hankali duk wannan za a ƙone, Allah Ya ba su lada.

Mai gadi ya tare mu. Ya ce masu sayar da abinci can gefe suke zama, ƙarƙashin bedi, itacen da wasu ke ce wa dogon yaro.

"Ɗana, dube ni da kyau. Na yi kama da mai talla?"

"To wurin wa kunka zo, Hajiya?"

"Wurin masu kula da wuta. Ka ce musu maƙwabciyarsu ta Tsarnawa ta zo gaisuwa."

Ya dube ni ko zan fassara. Na ɗaga kafaɗa. Can na hango Yaya ya laɓe bayan tayar motarsa yana leƙe, na ƙwala masa kira da duk ƙarfina har direbobi suka waiwayo. Ya fito yana sosa ƙeya. Shi ya yi wa mai gadin bayani, mai gadin ya toshe baki da hannu ya shige ɗakinsa, muna jin yana faɗa wa wani ta waya yana shaƙewa da dariya. Ya dawo ya ce ciki dai ba a shiga, amma in mun jira azahar ma'aikata za su fito salla. Ya ba Inna kujerarsa.

Da suka fito, Yaya ya jawo wani mutum da ya manyanta, da hular kwano a kai. Ya ce wannan shi ke tuƙa injin da ke tura gawayi zuwa bakin tanderu, mutumin wajen Illela ne. Mutumin ya durƙusa ya gaida Inna. Ƙurar gawayi ta cika masa kunne da gashin ido. Inna ta kama haɓarsa kamar ɗan da ta haifa, ta juya fuskarsa wajen haske ta duba idon.

"Ja na, irin nawa," ta ce. "Wutar taku tana kwana?"

"Ba a barinta ta kwana, Inna. In ta mutu, tada ta aiki na babba."

"Na sani. Da mi kuka hura ta?"

"Da mafici na ƙarfe. Ya fi ɗaki girma."

"Toka fa? Wa ka kwashewa?"

Haka suka yi ta yi, ita tana tambaya shi yana amsawa, kamar masu sana'a ɗaya da suka haɗu a kasuwa. Sauran ma'aikatan suka kewaye mu, da farko suna ƙyafta wa juna ido, daga baya suka kasa kunne. Inna ta gyara mayafi ta ce ta zo ba da haƙuri ne. Ta ce gidanta ya daɗe yana amfana da wahalarsu bai sani ba, yanzu ya sani, ga ɗan dambu ba yawa, ga goro da albasa na wasu bayin Allah. Mutumin ya karɓi akushin da hannu biyu. Bai yi dariya ba ko kaɗan, ya ce tunda ya fara aikin nan zagi kawai yake ji in kuran ya tafi, yau ne aka fara ce masa sannu.

Suka zauna ƙarƙashin bedi suka buɗe. Ni na tsaya ina jiran su gama in ɗauki akushi. Inna ta mintsine ni a cinya har na yi ƙara, ta ce a gidan wa na taɓa ganin an kai abinci an tsaya jiran kwano. Muka juyo hannu wofi, tana tafe tana rangaji.

Da muka isa gida ta yi bisimilla ta ɗaga kwantar da kanta. Kekena ya tashi, na rungume shi, na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki. Sai dai daga ranar mun samu sabuwar jandarma a gida. Ka bar fanka a ɗakin da ba kowa, ka ji ta daga madafa: "Kashe! Kuna karya mishi baya!" Jikokinta suka koyi kallon talabijin da sauri.

Akushi kuwa shiru. Bukukuwa suka wuce, sanyi ya shigo. Na fara tsokanarta, in ce ƙwarya ta ɓata hanya, ko ta hau motar Agadas. Da farko tana ramawa, daga baya ta daina. Na lura duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofa sai ta ɗaga kai, in ya wuce ta mayar. Rannan na ji tana ce wa ƙawarta wataƙila dai sun ɗauke ta tsohuwa mai ruɗu, sun ci sun yi dariya. Abin ya soke ni, na bar tsokanar. Na tambayi Yaya a ɓoye, ya ce an mayar da shi wata hanya, bai ƙara ganin mutumin ba.

Sai aka ɗauke kuran, tun safe har washegari ba labari. Ni ina ta masifa a ɗaki, Inna ko ta kasa zaune ta kasa tsaye. Da hantsi na ganta ta fito daga madafa da kasko a hannu, garwashi ja a ciki, ta rufa masa toka sama-sama.

"Kira mini yayanki. Wutarsu ta mutu."

"Inna, don Allah!"

"Ya ce in ta mutu tada ta aiki na. Ko ba su maido akushi ba, ba a barin maƙwabci da murhu sanyi."

Na rasa ko in yi kuka ko in faɗi ƙasa da dariya. Ina cikin ce mata garwashin nan ko Malbaza ba zai kai ba, kuma tanderun da ya fi masallaci ba ya jiran kaskonta, sai muka ji sallama a zaure.

Mutumin nan na wajen Illela ne, ba hular kwano, ya sha wanka da farar riga har na so in kasa gane shi. Ya jingine babur, yana rungume da akushi cikin zanen nan namu. Ya ce ya tambayi gidan tun daga bakin hanya, an ce masa ai kowa ya san gidan. Ya ba da haƙurin jinkiri, ya ce bai so ya maido shi wofi ba, sai da ya samu hutu ya je gida aka sussuka waken gonarsa. Akushin cike yake da wake fari tas, da goro a sama.

Inna ko kallon waken ba ta yi ba. Ta ce yaya wutar. Ya ce wuta lafiya lau ya baro ta, waya ce ake gyara a hanya, kuran zai dawo. Ta ce alhamdulillahi. Sai ta tuna da abin da ke hannunta, ta fara jan kaskon tana ɓoye shi bayan zane, kunya ta kama ta.

Ya gani. Ya dubi kaskon, ya dube ta, ya dube ni da bakina a buɗe zan ba shi labari. Ya riga ni magana.

"Inna, na taho da kayan shayi bisa babur, tun safe ban sha ba. A sam mini wuta mana."

Ina tsaye kusa da shi, kuma ina ganin shatin birke a aljihun rigarsa ƙarara. Na rufe bakina.

Inna ta fito da kaskon daga bayan zane. Ta hure saman garwashin sau ɗaya ya yi ja, ta miƙa masa, ta ce abin da na ji tana faɗa wa matan unguwa kullum safiya muna yara, da muryar nan tata ta faɗa.

"Riƙe da kyau. Kar ka zubar mini a zaure."

Ya dafa shayinsa a ƙofar gida, ta zauna a kujera tana yi masa gyara, wai ya cika sukari. Kuran ya dawo bayan la'asar, fanka ta kama juyi a rumfa, ba wanda ya tashi ya koma ƙarƙashinta. Da ya tafi na shiga madafa ɗaukar ruwa, na tarar da ita a durƙushe tana binne guntun ƙirya, babba, wanda ya fi na kullum.